Wata bai kai rabi ba aljihu ya bushe: tambayoyi da amsoshi kan rayuwar matashi marar kuɗi

Waɗannan su ne tambayoyin da ɗalibai, masu yi wa ƙasa hidima da waɗanda suka gama karatu suna zaman jiran aiki a biranen Arewa suka fi yawan yi. Farashi kullum cikin sauyawa yake, don haka kuɗin da muka yi lissafi da su misali ne kawai, kowa ya sa na garinsu a gurbinsu.

Ina ɗan samu, amma ban san inda kuɗin ke tafiya ba. Ni ne ban iya tattali ba?

Ba lallai ba ne. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000 a wurare da dama. Kuɗin mota, abinci da haya duk suka bi bayanta. An mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a watan Yulin 2024, alawus ɗin masu hidimar ƙasa ya tashi daga 33,000 zuwa 77,000, amma kafin ƙarin ya iso hannu kasuwa ta riga ta cinye shi.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba: marar kuɗi ya fi mai kuɗi sayen kaya da tsada. Mai hali ya sayi buhu, kai ka sayi gwangwani. Shi ya sayi datar wata, kai kana sayen ta kullum. Shi ya biya asibiti daga ajiyarsa, kai ka ci bashi mai ruwa. Kusan duk abin da za mu faɗa a nan hanya ce ta rage wannan tsadar.

Ka fara da rubutu. Mako biyu cur, duk abin da ya fita daga aljihunka ka rubuta shi a lokacin, har ruwan leda. Kada ka bari sai dare, za ka manta rabi. Yawanci a abubuwa uku ake gano ramin: abincin waje, kuɗin mota da data.

Idan kuɗi ya shigo, me zan fara biya?

Ranar da ya shigo za a raba shi, ba washegari ba. Da farko kason haya. Sai tsabar abinci na wata. Sai kuɗin motar zuwa inda kake samun kuɗin, domin idan wannan ya yanke komai ya yanke. Sai bashin da ranarsa ta zo. Abin da ya rage ka kasa shi gida huɗu, kaso ɗaya kowane mako, ka riƙe na makon kaɗai a asusun da ke wayarka. Sauran ka ajiye inda sai ka yi tattaki kafin ka taɓa shi. Makon farko ne ke kashe mutane: hannu da nauyi, abokai sun ji ƙamshi, ga tsire ga lemo.

Yaya mutum ɗaya zai ci ya ƙoshi da ɗan kuɗi?

Ka dafa da kanka, ka sayi tsaba da kwano. Buhun hatsi mai kilo 100 kwano arba'in ne, wato kwano ɗaya wajen kilo biyu da rabi, kuma kwanon shinkafa yana kai mutum ɗaya dahuwa goma sha biyu ko fiye. Ka kwatanta da kuɗin faranti goma sha biyu a wurin mai abinci, lissafin zai yi maka bayani da kansa.

Kayan da za su riƙe ka wata guda ba su da yawa: shinkafa kwano biyu, wake kwano ɗaya ko biyu, garin kwaki kwano ɗaya, taliya 'yan ƙulli, man gyaɗa ko manja kwalba ɗaya, ƙuliƙuli, yaji, gishiri, ɗanɗano da albasa. Da waɗannan za ka yi garau-garau, faten wake, taliya da mai da yaji, da kwaɗon gari. Wake, awara, gyaɗa da ƙwai su ne za su tsaya maka a madadin nama. Indomi a teburin mai shayi kullum dare ita ce hanyar da ta fi kowace saurin cinye alawus, ga shi ba ta riƙe ciki.

Wake shi ke cinye gas. Ka jiƙa shi tun dare, da safe ka zubar da ruwan, zai nuna cikin ɗan lokaci. Ka dafa na kwana biyu a tukunya ɗaya, amma lokacin zafi ka ɗumama shi safe da yamma har ya tafasa, in ba haka ba zai yi tsami. Idan za ka ajiye ɗanye, ka shanya shi a rana ya bushe ƙarau, ka ɗura a busasshiyar jarka ka toshe bakinta gam, rashin iska ne ke kashe ƙwarin.

Lokacin saye ma yana da tasiri. Hatsi ya fi sauƙi da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, ya fi tsada a tsakiyar damina. Tumatir da tattasai suna arha lokacin sanyi sa'ad da kayan noman rani suka fito, a nan ake yankawa a shanya. Idan ku huɗu ne, ku haɗa kuɗi ɗaya ya shiga babbar kasuwa, in a Kano ne Dawanau ko Singa ko 'Yankaba, ku raba kuɗin motar. Mutum ɗaya ya hau adaidaita sahu sau biyu don sayen kwano ɗaya, ribar ta tafi a hanya.

Abu ɗaya da ba wasa a cikinsa: kada a kunna gawayi ko janareta a rufaffen ɗaki, ko da sanyin hunturu ya kai inda ya kai. Iskar da ke fita ba ta da wari, mutum barci zai yi ya wuce. Tukunyar gas kuma a riƙa shafa ruwan sabulu a bakin tiyo da kan tukunyar, in ya yi kumfa to yana tsiyaya.

Kuɗin haya na shekara yake zuwa, kuma kullum sai ya same ni ba shiri.

Domin kana kallonsa a matsayin kuɗin shekara ne. Ɗakin naira 180,000 naira 15,000 ne a wata. Mu dai shawararmu a raba shi gida goma, 18,000 kenan, saboda wata biyun da suka rage su tare watan da ba a samu ba da kuma ƙarin da mai gida zai iya yi.

Kafin ka biya sabon ɗaki, ka je da rana ka kuma je da dare. Ka tambayi 'yan haya, ba dillali ba: ana samun ruwa ko sai 'yan garuwa? Mita ce ko karo-karo ake yi, kuma akwai tsohon bashin wuta a gidan? Rufin yana yoyo? Layin yana cika da ruwa da damina? La'adar dillali galibi kashi goma cikin ɗari ce, a yi maganarta kafin a biya. Kuɗin kuma a hannun mai gida ko wakilinsa sananne za a damƙa, da rasit da shaidu biyu, domin ɗaki ɗaya a karɓi kuɗin mutum uku a kansa ba sabon abu ba ne.

Ɗaki mai arha a bayan gari sau da yawa ba arha ba ne. Idan ka rage 60,000 a haya amma ka ƙara 600 kullum a kuɗin mota, cikin kwana ɗari ragin ya ƙare. In kuma akwai shago a gidanku, zama a ciki ba abin kunya ba ne, jari ne kake tarawa.

Data da cajin banki fa?

A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince kamfanonin waya su ƙara farashi har zuwa kashi 50 cikin ɗari, saboda haka sakaci ya ƙara tsada. Ka kashe sauke hotuna da bidiyo kai-tsaye a WhatsApp, ka hana Facebook da TikTok kunna bidiyo da kansu, ka hana manhajoji sabunta kansu sai da izininka. Rancen kati da data yana da lada, a wasu layukan kashi 15 cikin ɗari ake yankewa nan take. A banki kuwa akwai harajin naira 50 a kan tura kuɗin da ya kai 10,000, akwai naira 6.98 na amfani da lambobin USSD, ga ladan mai POS duk sanda ka ciri kuɗi. Ka ciri na mako a lokaci ɗaya maimakon dubu biyu-biyu kullum.

Na ci bashi a manhajar waya, yanzu suna barazanar tura hotona ga mutanena. Ina mafita?

Da farko ka gane abin da ka shiga. Misali sun ce sun ba ka 20,000, suka yanke 3,000 na hidima, 17,000 ta shigo, suka ce ka biya 24,000 nan da mako biyu. Naira 7,000 kenan a kan 17,000, sama da kashi 40 cikin ɗari a kwana goma sha huɗu. Ko an ajiye maganar riba a addini gefe, wadda ita kaɗai ta isa dalili, babu halattacciyar sana'ar da ke kawo wannan a mako biyu.

Babban kuskuren da ake yi shi ne a ranto daga manhaja ta biyu a biya ta farko. Nan da nan mutum zai tsinci kansa da biyar ko shida, kowace da ruwanta. Ka tsaya a inda kake. Ka shiga saitin wayarka ka janye musu izinin ganin lambobi, hotuna da saƙonni, ko da yake abin da suka riga suka kwafa ya tafi. Ka ɗauki hoton duk wani saƙon barazana da lambar da ta turo shi. Sannan ka yi abin da ya fi wuya: ka riga su faɗa wa babanka ko yayanka ko wanda kake jin nauyi. Da kunya suke kama mutum, idan ka faɗa da bakinka makaminsu ya faɗi.

Cin mutuncin mai bashi da tura wa mutanensa saƙo ya saɓa doka. Hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ita ke rajistar waɗannan kamfanoni kuma tana karɓar ƙorafi, ga dokar kare bayanan sirri ta 2023. A shekarar ne ma Google ya hana manhajojin bashi leƙa lambobi da hotunan mutane, shi ya sa miyagun cikinsu suke turo mahaɗi ta WhatsApp a sauke su ta bayan fage. Amma bashin yana nan a wuyanka. Ka rubuta musu abin da za ka iya biya da ranakun, ka biya ta banki yadda shaida za ta zauna, domin masu rajista suna kai sunan wanda ya ƙi biya ga hukumomin adana tarihin bashi, gobe ka nemi rancen kirki a hana ka.

To wa zan ranta a wurinsa in ta kama?

Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ɗan'uwa, aboki, mai shagon unguwa. Ka faɗi adadin, ka faɗi ranar biya, ka kuma faɗi inda kuɗin biyan zai fito. Idan ranar ta zo babu, ka je da ƙafarka kafin a neme ka, ko da rabi ne a hannunka. Kashe waya da sauya hanya ne ke kashe zumunci, ba rashin kuɗin ba. Littafin mai shago kuma kada ya wuce abin da kuɗin wata ɗaya zai share.

Adashe ko asusu?

Adashe ya fi ga wanda hannunsa ba ya riƙe kuɗi, saboda jin nauyin mutane zai sa ya zuba. Sharaɗinsa ku san juna ido da ido, kada ku wuce goma, zagayen kada ya wuce shekara don hauhawar farashi tana cin kuɗin mai kwasar ƙarshe, kuma a rubuta jerin kwasa tun ranar farko. Inda yake lalacewa sananne ne: wanda ya kwashi farko ya daina zubi, ko uwar adashe ta juya kuɗin a kasuwancinta ya maƙale. Adashen intanet da ba ka san uwar ba sai a hoto, wannan kyauta ka bayar. Masu zagayawa karɓar ajiyar kullum kuwa zubin kwana ɗaya suke ɗauka a wata: ka zuba 500 kwana talatin, ka karɓi 14,500.

Abokaina suna samu a mainin, wasu a bet, wasu sun zuba kuɗi ana ba su riba duk mako.

Kana jin labarin wanda ya samu ne, wanda ya rasa shiru yake yi. MMM ta rufe da kuɗin mutane a Disambar 2016, CBEX ta yi haka a Afrilun 2025, kuma salon bai sauya ba: riba tabbatacciya mai yawa, lada idan ka kawo wani, na farko-farko a biya su da kuɗin na baya. Takardar rajistar kamfani ta CAC ba lasisin karɓar jarin jama'a ba ce, wannan aikin SEC ne, hukumar kula da hannayen jari. Mainin na danna waya don tara kuɗin kirifto ya yi tashe bayan Notcoin ta biya a 2024, sai Hamster Kombat ta fara biya a Satumbar shekarar, akasarin mutane suka tashi da abin da bai kai kuɗin datar da suka ƙona ba. In za ka yi wanda ba a biyan komai, to, amma ranar da aka ce ka tura kuɗi kafin ka cire, ka fita. Caca kuwa an gina lissafinta ne yadda kamfani zai ci, tikitin wasa goma sha biyar da ɗaya ya tsinka ba rashin sa'a ba ne, haka aka tsara shi.

An ce in kawo kuɗi a samo mini takardar ɗaukar aikin gwamnati.

Kada ka sayar da filin gado ko keken ɗinkin mahaifiyarka a kan wannan. Neman shiga soja, ɗan sanda, kwastam ko hukumar shige da fice kyauta ne, a shafukan hukumomin ake cikewa. Ka duba adireshin shafin da kyau, na gwamnati da .gov.ng yake ƙarewa, na soja da .mil.ng. Takardar bogi tana iya kai mutum har ofis, sai an zo tantancewa a tsarin biyan albashi asiri ya tonu, kuma a gaban doka mai bayarwa da mai karɓa duk sun yi laifi, shi ya sa waɗanda aka damfara ba sa iya kai ƙara.

Ina da naira 50,000. Wace sana'a zan kama?

Wadda ka taɓa zama a gefen mai yinta. Jari ƙarami ba ya jure kuɗin koyo. Kafin ka sayi komai, ka yi wata ɗaya ko biyu a shagon wani, misali a Kano, a Farm Centre in gyaran waya ne, a Kantin Kwari in yadi ne, a Ƙofar Wambai in gwanjo ne. Ka zaɓi abin da ke juyawa cikin mako, ka sa kashi biyu cikin uku a kaya, ka riƙe ɗaya. Abubuwa uku ke karya ƙaramin jari: ba 'yan'uwa kaya bashi, cin abinci daga cikin uwar kuɗi, da sayar da kaya a tsohon farashi bayan sari ya tashi. Kullum ka sa farashi da kuɗin da za ka sake saro kayan, ba da wanda ka saro jiya ba.

POS tana buƙatar tsabar kuɗi mai kauri da wurin da ba a cika yawa ba. Kada ka miƙa kuɗi don an nuna maka saƙo a waya, sai ka ga sun zauna a asusunka. Adaidaita sahu na biya-a-hankali kuwa ka tambaya tun farko: ranar da mashin ke wurin bakanike ko a hannun 'yan KAROTA masu kula da hanya a Kano, balas, wato kuɗin da ake biya kullum, yana tsayawa ko yana ci gaba da hawa? Amsar wannan tambayar ce ke raba wanda zai mallaki mashin da wanda za a ƙwace masa bayan ya biya rabi.

Ni ɗaliba ce, kuɗin rajista ya gagara. Rancen NELFUND yana da ruwa?

Babu ruwa a cikinsa, 'yar'uwa. Rancen karatu ne na gwamnatin tarayya, an buɗe shi a Mayun 2024 don ɗaliban manyan makarantun gwamnati. Kuɗin makaranta kai-tsaye ake tura wa makarantar, na kashewa naira 20,000 a wata kuma ya shigo asusunki idan kin nema. Za ki buƙaci lambar JAMB, NIN, BVN da lambar shaidar ɗalibta, kuma sai makarantarku ta ɗora bayananki. Abin da ya fi maƙalar da mutane shi ne saɓanin suna ko ranar haihuwa tsakanin NIN da BVN da JAMB, ki gyara wannan tukuna. Biya yana farawa shekara biyu bayan hidimar ƙasa, kashi goma cikin ɗari na abin da mutum ke samu. Ba a biyan kowa ko sisi don ya cike miki.

Anko, gudummawa, ga ƙanne suna jiran a ba su. Yaya zan ce babu?

Ki ware wa zumunci kasonsa a wata, in ya ƙare ya ƙare. Ki faɗa da wuri, ranar da aka fitar da anko, ba ana gobe kamu ba: “Wallahi ƙawata wannan karon ba hali, amma zan zo tun safe a yi aiki da ni.” Wadda za ta yi fushi a kan atamfa da ma za ta yi a kan wani abu. A gida kuma ƙayyadadden abu duk wata, ko sabulu ne da kuɗin cefanen Juma'a, ya fi ba da da yawa yau gobe babu. Samari ma haka: wanda ya fara zance da kashe abin da ba shi da shi, da wannan ma'aunin za a auna masa lefe.

Ba ni da lafiya, ba ni da kuɗin asibiti.

Ka je asibitin sha-ka-tafi na unguwa, kati da gwaji sun fi sauƙi a can. Ba kowane zazzaɓi ne na cizon sauro ba, gwajin ɗigon jini na minti kaɗan ya fi arha a kan sayen maganin da ba shi ne ba. In an ba ka na maleriya mai sha shida cikin kwana uku, ka shanye, ajiye rabi don gaba shi ke dawo da ciwon. Masu yawan wuni da yunwa su yi hattara da magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, suna ƙwaƙule ciki. Ka kuma tambayi hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiharku, irin KSCHMA a Kano, ko akwai tsarin da za ka shiga. Idan rashin barci, ƙuncin rai da gudun mutane suka wuce mako biyu, wannan ma ciwo ne da ake kai wa likita. Tramadol da kodin ba sa rage bashi, wani suke ƙarawa.

Wani ejan ya ce zai fitar da ni waje aiki, in biya daga baya.

Ka nemi ganin abu uku kafin ka ba da fasfo: irin bizar, takardar yarjejeniyar aiki mai ɗauke da albashi da sunan mai ɗaukar aikin, da lasisin ejan ɗin daga ma'aikatar ƙwadago ta tarayya. Bizar Umara ko ta ziyara ba ta halatta aiki a Saudiyya, wanda ya zarce wa'adinta ɓuya zai koma yi. Hanyar Agadas zuwa Libiya kuwa bashin da aka ce a biya daga baya shi ne igiyar da ake ɗaure mutum da ita, har a riƙa bugo wa iyayensa waya su turo kuɗin fansa. Duk ejan da ya ce kada ka faɗa wa na gida, ko ya ce shi zai riƙe fasfonka bayan an sauka, ka kai bayaninsa ofishin hukumar yaƙi da safarar mutane, NAPTIP, mafi kusa.